Bayan An Buɗe Ƙofa: Abin da Fursunan Yaƙi ke Bukata Ranar da Ya Kuɓuta

Zuru garin soja ne, wannan ba ya bukatar shaida. Daga Rikoto zuwa Dabai, daga Mahuta zuwa Ribah da Dirin Daji, da wuya ka shiga gida ka rasa hoton wani sanye da kaki a jikin bango, ko kaka, ko uba, ko ɗa. Ƙasar nan ce ta haifi Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya riƙe muƙamin babban hafsan sojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da ɗan'uwansa Manjo Janar Musa Bamaiyi, da Manjo Janar Tanko Ayuba. Masarautarmu ce ta ɗora janar mai ritaya, Muhammadu Sani Sami, Gomo na Biyu, bisa gadon sarauta. Mun iya raka yaro tasha ranar da zai tafi horon kurata a Zariya. Mun iya karɓar gawa da zaman makoki. Kowace ranar 15 ga Janairu muna fitowa tunawa da mazan jiya. Amma akwai wani soja da ba mu cika zancensa ba: wanda bai mutu ba, bai kuma dawo tare da bataliyarsa ba, abokan gaba suka kama shi, ya yi watanni ko shekaru a hannunsu, sannan wata rana aka buɗe masa ƙofa.

Aikin jinya na yi har na yi ritaya. A shekarun ƙarshe na aikina, gadajen asibiti sun fara karɓar mutanen da aka karɓo daga daji a hannun 'yan bindiga. Ganinsu ne ya sa na koma bin tarihin yadda aka kula da fursunonin yaƙi a wasu wurare, domin a jiki da zuciya ciwon iri ɗaya ne. Abin da na fahimta shi ne, ranar da aka kuɓutar da mutum, ranar ce ake shiga mafi wuyar aikin, kuma sau da yawa masu ƙaunarsa da waɗanda yake bi bashi su ne suke ƙarasa abin da masu tsaronsa suka fara.

Mu fara da Bama, tunda can kakanninmu suka je a yaƙin duniya na biyu. Rundunar da Turawan Ingila suka haɗa a Afirka ta Yamma, wadda Hausa ce harshen barikinta, ta tura runduna ta 81 kwarin kogin Kaladan a 1944, runduna ta 82 kuma ta bi ta yankin Arakan. Duk wanda ya zauna barikin Dodan ko Myohaung ko Arakan a Legas, ko Chindit a Zariya, ko Dalet a Kaduna, sunayen wancan yaƙin yake kira kullum. A cikin runduna ta 81 akwai wani saurayi ɗan Emure-Ile kusa da Owo, Isaac Fadoyebo, mai taimakon likita a rukunin kula da waɗanda suka ji rauni. A watan Maris na 1944 sojojin Japan suka yi musu dirar mikiya a bakin kogin Kaladan, aka harbe shi a ƙafa da jiki. Japanawan suka dube shi suka wuce, a zatonsu ba zai kai gobe ba. Shi da wani sojan Saliyo mai suna David Kargbo suka rayu a daji da ɗan abincin da mutanen ƙauye ke kai musu a ɓoye, har wani talakan manomi Musulmi, Shuyiman, ya ɗauke su ya ɓoye a gidansa, yana sane da cewa in aka gano, shi da iyalinsa sun halaka. Sai bayan wata tara, a Disamba, sojojin Gurka suka iso ƙauyen aka kwashe su zuwa asibiti a Indiya. Fadoyebo ya dawo gida da ɗingishin da bai rabu da shi ba har rasuwarsa a 2012. Ɗan jaridar nan Barnaby Phillips, wanda ya rubuta labarinsa a littafi, ya kai wasiƙar godiyarsa ga iyalin Shuyiman a 2011. Ina son labarin nan saboda ya nuna cewa tun kafin jirgi da likita su iso, ceton ya fara ne daga hannun wanda shinkafarsa ba ta ma ishi gidansa ba.

Waɗanda suka faɗa sansanonin Japan sun ga abin da ya fi haka. Fursunoni kusan 60,000 na ƙasashen ƙawance aka tilasta wa gina hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 415 tsakanin Tailan da Bama, sama da 12,000 suka mutu a kanta, ban da leburori 'yan Asiya da mamatansu suka ninka haka sau da yawa. Da yaƙi ya doshi ƙarshe sai tsoro ya ƙaru, domin a Disamba 1944 masu gadi a tsibirin Palawan na Filifin sun ƙone fursunonin Amurka da ke hannunsu don kada a ƙwace su. Wannan ne ya sa a daren 30 ga Janairu 1945 sojojin Amurka da mayaƙan sa-kai na Filifin suka kutsa can bayan layin abokan gaba, suka fasa sansanin Cabanatuan, suka fito da mutum sama da 500. Harin kansa bai ɗauki lokaci ba. Wahalar ita ce tafiyar komowa, don da yawa ba sa iya taka ƙasa. Manoman yankin ne suka kawo amalanken shanunsu aka jera mutane a kai har gari ya waye.

Bayan Japan ta miƙa wuya a 15 ga Agusta 1945, jiragen sama suka riƙa sako takardu a kan sansanoni. A cikin abin da aka rubuta wa fursunonin akwai gargaɗi biyu: su zauna inda suke har a zo musu, kuma kada su cika ciki da abinci mai nauyi a kwanakin farko. Likitocin soja sun riga sun koyi wannan darasi da tsada. A watan Afrilu na shekarar, da sojojin Ingila suka shiga sansanin Bergen-Belsen a Jamus suka tarar da mutum wajen 60,000 a bakin mutuwa, tausayi ya sa suka buɗe gwangwanayen abincinsu suka raba. Sama da 13,000 sun mutu bayan an 'yantar da su, akasari saboda zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa da kuma yunwar da ta riga ta ci jiki, amma akwai waɗanda abincin ne ya kashe.

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne kowane gida ke da hannu. Jikin da ya jima cikin yunwa yakan sauya yadda yake aiki. Ya daina dogara da abin da ke shigowa ta baki, ya koma cin kitsensa da tsokarsa, kuma a hankali wasu sinadarai da zuciya da jijiyoyi ke bukata, wato fosfet da fotasiyam da maganiziyam, da kuma bitamin B1, suna ƙarewa ba tare da an gani ba. Ranar da aka ɗura masa tuwo ko shinkafa ko abin zaƙi mai yawa, sai jiki ya saki sinadarin insulin da ƙarfi, shi kuma ya kwashe ɗan ragowar waɗannan sinadarai daga jini ya tura cikin ƙwayoyin jiki. Jini ya wayi gari babu su. Zuciyar da dama ta rame sai ta fara bugawa ba bisa ƙa'ida ba, ruwa ya taru a ƙafafu da huhu, mutum ya ruɗe, wani ya yi jijjiga, wani ya cika. Kamar tukunyar ƙasa ce da ta daɗe bisa wuta ba ruwa, ka kwara mata ruwa gaba ɗaya, sai ta tsage. Abin yakan bayyana ne cikin kwana biyu zuwa biyar da fara cin abinci, daidai lokacin da dangi suka saki jiki suna murna.

An taɓa kawo mana wani magidanci daga wani ƙauye a Danko-Wasagu. Ya yi watanni a hannun 'yan bindiga, abincinsa ɗan garin dawa a tafin hannu, wata rana ma babu. Da aka biya fansa ya dawo, gida ya yanka akuya, aka tuƙa tuwon shinkafa, maƙwabta suka yi ta kawo lemon kwalba. Kafin mako ya zagayo sai ga shi a kan babur an riƙe shi ta baya, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama, bai san inda yake ba. Mahaifiyarsa ta kama hannuna ta ce, "Likita, ai yana ci sosai, me kuma ya same shi? Ko sammu suka yi masa?" Na ce, "Inna, ba sammu ba ne. Cikinsa ya manta da irin wannan abinci, sai mun koya masa a hankali." Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Ban ga laifin tsohuwar nan ba ko kaɗan. Wace uwa ce za ta ga ɗanta ƙashi da fata ta ba shi kunu rabin kofi ta ce ya dakata?

Amma hakan ake yi. Wanda ya daɗe bai ƙoshi ba, asibiti ake fara kai shi kafin gida. A ba shi bitamin B1 tun kafin abinci ko ƙarin ruwa mai sukari. A fara da kunu marar kauri ko madara, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini da dare, a riƙa ƙarawa cikin mako guda ko fiye, ana duba bugun zuciya da kumburi, inda da hali a auna jini. Iyayen da suka taɓa kwana a sashen yara masu tamowa sun san madarar F-75 da ake farawa da ita kafin a kai ga mai ƙarfi. Dalilin ɗaya ne. Nama da tuwo da walima suna nan, ba inda za su.

Sauran cututtukan jiki sanannu ne: zazzaɓin cizon sauro, atuni, tarin fuka, ƙazwa, ƙwarƙwata, gyambon ƙafa, raunin mari ko igiya a wuyan hannu. Guda ɗaya ce ke ɓuya. Akwai wata ƙaramar tsutsa da ke shiga ta fatar ƙafar wanda ke yawo ba takalmi a ƙasa mai danshi, ta zauna a hanji tana hayayyafa a jikin mutum. Likitocin makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun riƙa samunta a jikin tsofaffin fursunonin Japan shekara talatin da arba'in bayan yaƙi. Tana iya zama shiru, amma ranar da aka ba mutum magungunan da ke rage garkuwar jiki sai ta bazu ta kashe shi. Maganinta kuwa shi ne sinadarin da ke cikin ƙwayar Mectizan, wadda ƙauyukanmu suka saba karɓa. Don haka duk wanda ya yi zaman daji ko sansani, ya faɗa wa likitansa, ko da abin ya yi shekaru.

Kawuna, yayan mahaifiyata, an kama shi a gabas lokacin yaƙin basasa, bai fito ba sai da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970. Kafin nan gida ya riga ya yi makoki, an karɓi gaisuwa, an raba 'yan kayansa. Ina yaro a lokacin, amma ina tuna yadda yake zama: kullum bayansa a bango, fuskarsa na kallon ƙofa, kuma ba a rufe ɗaki yana ciki. Mahaifiyata kan tarar da gutsuren tuwo a ƙulle cikin tsumma a ƙarƙashin tabarmarsa. Ta ce, "Yaya, ga abinci cike da tukunya, me za ka yi da wannan?" Sai ya ce, "Bar shi nan, ƙanwata." Ta kuwa bar shi. Yanzu na san ta yi daidai.

Abin da ya fi cin ransa tambayar mazan gari ce: ya aka yi ka bari suka kama ka? Mu mutanen ƙasar Zuru an raine mu da kokawa da golmo, inda saurayi ke shekaru yana noma gonar surukai ba ya cewa wayyo. Wannan juriya ce ta sa muka yi suna a soja, ina alfahari da ita. Sai dai ita ce kuma ke rufe bakin wanda ya dawo da ciwon da ba a gani. Sojan da harsashinsa ya ƙare, ko aka harbe shi ya suma ya farka a hannun abokan gaba, bai yi abin kunya ba. Firgita cikin barci, saurin fushi, gudun taro, zabura in an buga ƙofa, duk alamu ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, kuma suna da magani. In ba a kula ba, da yawa a wurin burkutu ko ƙwaya suke neman barci. Ba a matsa wa irin wannan mutum ya ba da labari, ba a kuma hana shi in ya fara. A bar shi ya zaɓi inda zai kwana da wanda zai gani, domin zaɓi shi ne abin da aka fara ƙwace masa. Mata da 'yan mata da suka dawo sun fi kowa bukatar wannan sutura. Wasu daga cikin ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da aka sace a 17 ga Yuni 2021 ba su dawo ba sai a 2023, kuma bakin mutane na iya yi musu abin da daji bai yi ba.

Sai batun haƙƙi. Kawu ya daɗe yana zarya tsakanin gida da ofishin da ke riƙe da takardunsa, don sunansa ya shiga jerin matattu, albashi ya tsaya, kuma sai da ya kawo shaidu cewa shi ne shi. Nasa ya zo da sauƙi in aka kwatanta da na sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙi, waɗanda aka ɗebo daga Senegal har zuwa Nijar. Da Jamus ta ci Faransa a 1940, dubbansu suka zama fursunoni, aka tsare su a sansanoni a cikin ƙasar Faransa. Léopold Sédar Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal na farko, yana cikinsu. A 1944 aka 'yantar da waɗanda suka rage a tsare. Sama da 1,000 aka sa a jirgin ruwa zuwa Dakar, aka sauke su a barikin Thiaroye. Suka ce ba za su watse zuwa garuruwansu ba sai an biya su albashin shekarun da suka yi a tsare. Da safiyar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, a 2014 Shugaba François Hollande ya ambaci 70, masana tarihi da dama na cewa ɗaruruwa ne. Sai a 2024 Shugaba Emmanuel Macron ya amsa cewa kisan kiyashi ne. Mutanen da suka tsira daga hannun Hitila, sai ga shi waɗanda suka yi wa yaƙi ne suka kashe su a kan kuɗin guminsu. Duk lokacin da na ji tsohon soja na bin fansho har ya mutu a layi, Thiaroye nake tunawa.

Abubuwan da aka gani a wancan yaƙin ne suka haifar da yarjejeniyar Geneva ta uku a 1949. Ta ce fursunan yaƙi ba mai laifi ba ne, an tsare shi ne kawai don kada ya koma fagen fama. Abin da ya wajaba ya faɗa shi ne sunansa, muƙaminsa, ranar haihuwarsa da lambarsa. Yana da damar aika kati ga iyalinsa cikin mako guda da isarsa sansani, a ciyar da shi, likita ya duba shi aƙalla sau ɗaya a wata, wakilan ƙungiyar Red Cross ta duniya su gan shi ba tare da mai gadi na saurare ba. Wanda ya ji mummunan rauni a mayar da shi gida tun ana yaƙi, sauran kuma a sake su ba jinkiri da zarar an daina faɗa. Musulmi ba zai ji wannan baƙon abu ba, tunda ya san yadda aka yi da fursunonin Badar, waɗanda wasunsu suka fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. Najeriya na cikin yarjejeniyar tun farkon 'yancin kai, kuma a 1967 Janar Yakubu Gowon ya ba sojojin tarayya rubutacciyar ƙa'ida cewa wanda ya miƙa wuya ba a kashe shi. An karya ƙa'idar a wurare, wannan gaskiya ce, amma kasancewarta ya ceci rayuka a ɓangarorin biyu.

Misalin da ya fi kusa da mu na musayar fursunoni tsakanin ƙasa da ƙasa shi ne na Bakassi. Bayan arangamar da aka yi da Kamaru a kan tsibirin, a Nuwamba 1998, zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, ƙasashen biyu suka saki mutum sama da 200 da ke hannunsu, Red Cross ce ta tsaya a tsakani. A irin wannan aiki akan gana da kowane fursuna shi kaɗai, a tabbatar da sunansa, a duba ko lafiyarsa za ta ɗauki tafiya, a tambaye shi ko da son ransa zai koma. Ɗan Zuru ne ke shugabantar sojin ƙasa a lokacin. Kotun duniya ba ta yanke hukunci kan Bakassi ba sai a 2002, amma ba a jira hukuncin ba kafin a maido da mutane gidajensu.

Yaƙe-yaƙen yau ba irin wancan ba ne. Boko Haram da 'yan bindiga ba su sa hannu a wata yarjejeniya ba, ba sa aika kati, kuma a doka wanda suka kama ba a kiransa fursunan yaƙi. Red Cross ta yi rajistar mutum sama da 20,000 da suka ɓace a Najeriya, akasarinsu a arewa maso gabas, inda 'ya'yan Zuru da yawa suka yi aiki. Iyalin da nasu ya ɓace suna iya zuwa ofishin Red Cross su buɗe takardar nema, kyauta ne. Su tafi da cikakken sunansa, hotonsa, inda aka yi masa ganin ƙarshe da lokacin, in soja ne da lambarsa da bataliyarsa, su kuma bar lambar wayar da ba za ta mutu ba.

Abin da nake roƙon ƙungiyar tsofaffin sojoji reshen Zuru da majalisar masarauta shi ne su zauna da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi huɗun nan, Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba, a tsayar da tsari ɗaya. Duk wanda aka karɓo, soja ne ko ɗan sa-kai ko manomi ko ɗaliba, a fara da asibiti. Kowace ƙaramar asibiti ta ajiye bitamin B1, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Limamai da fastoci su faɗa wa jama'a a jinkirta walima zuwa mako na biyu. A samu tsohon soja guda a kowace gunduma wanda zai riƙa leƙa wanda ya dawo, ya kuma raka shi bin takardunsa har albashinsa ko haƙƙinsa ya fito.